Allo Ɗaya Tsakanin Kwamfutoci Huɗu: Mas'alar da Ta Iso Ƙasar Sassumbrum

Tun da aikin hukuma ya fara barin manyan littattafan rajista yana komawa cikin na'ura, aka ɗauki hotuna da zanen yatsun masu zaɓe gabanin zaɓen Disamba na 2020, ma'aikatar lafiya ta Nijar kuma ta mayar da ƙididdigar marasa lafiya cikin tsarin DHIS2 wanda Jami'ar Oslo take kula da shi, garuruwa irin su Sassumbrum da maƙwabtansu na Magariya da Dungas, wadda aka yanke daga Magariya a 2011, suka soma cin karo da wata mas'ala wadda a dā manyan birane kaɗai suka san ta. Akwai kwamfutar da ake kira saba, wadda ba wanda yake zama gabanta yana rubutu, aikinta shi ne ta riƙe bayanai dare da rana ta miƙa wa mai nema. Kuma da yake galibi kowane shiri da nasa kayan yake zuwa, ofishi ɗaya yana iya wayar gari da uku ko huɗu a ɗaki guda. To, shin wajibi ne kowace a yi mata allonta?

Hankali da lissafi duka sun ce a'a. Allo madaidaici yana shan wuta kimanin wat 20, saboda haka alluna uku da aka bari a kunne awa 10 ba mai dubansu sun sha wat-awa 600, wato rabin abin da batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yake ɗauka, alhali kuwa masana sun yi ittifaƙi cewa batirin darma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Mutanen da suka ga yadda Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, ba ta mayar ba sai Maris na 2024, kuma da yawa daga likitocinsu na karkara da farantan sola suke sanyaya allurar rigakafi, ba su bukatar a yi musu wa'azi a kan israfin lantarki.

Don haka aka ƙago wani ɗan akwati da ake kira KVM, wanda ake jona wa allo ɗaya da madannai ɗaya da linzami ɗaya, sa'an nan wayoyi su fita daga cikinsa zuwa kowace kwamfuta, in mutum ya latsa maɓalli sai ya koma kan wadda yake so. Dabara ce mai kyau, amma tana da illa ɓoyayya, kuma ba a fahimtarta sai an san abin da yake gudana tsakanin kwamfuta da allo a daƙiƙar farko ta kunnawa.

Kwamfuta ba ta aika hoto da ka. Sai ta fara yin sallama, kamar baƙo a ƙofar zaure, in an amsa ta shiga, in ta ji shiru ta ɗauka ba kowa a gidan ta juya. Amsar kuwa tana cikin wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke jikin allon, mai ɗauke da bayani na bayit 128 wanda ake kira EDID, bisa ƙa'idar da ƙungiyar VESA ta shimfiɗa a 1994. A ciki allon yake faɗin sunan kamfanin da ya ƙera shi, da faɗinsa da tsawonsa, da irin hoton da yake iya karɓa. A wayar HDMI mai allurai 19, allura ta 18 ita take kai wa wannan ƙwaƙwalwa wuta bolt 5 daga kwamfutar kanta, shi ya sa allo yake iya amsawa ko da a kashe yake, muddin wayar tana jone. Allura ta 19 kuma ita take shaida wa kwamfuta cewa an jona allo ko an cire. Tsohuwar kafar VGA mai allurai 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, ta fi sassauci, don sau da yawa takan aika hoto ko ba a amsa ba, sai dai ƙarami kuma maras kyau.

A nan ne halin ƙasarmu ya shigo. Akwatin sauyi mai araha allo ɗaya yake haɗawa da kwamfuta ɗaya a lokaci guda, sauran ukun kuwa a wurinsu tamkar an zare waya ne. Idan wuta ta ɗauke da tsakar dare, batir ya ƙare, ta dawo da asuba duka huɗun suka tashi tare, wadda akwatin yake kanta ita kaɗai za ta sami amsa. Sauran za su tashi su kama aikinsu lafiya, amma wasunsu sun rufe kafar hoto, ta yadda in ma'aikaci ya zo da hantsi ya latsa maɓalli, duhu zai gani. Sai ya yanke hukuncin cewa na'ura ta mutu, ko ya zare mata wuta da ƙarfi tana tsakiyar rubuta bayanai, wanda shi ne haƙiƙanin abin da yake lalata rumbun ajiya, ko kuwa a ɗora ta a kan babur a nufi Magariya ko Damagaram wurin mai gyara, a sha ƙura da gargada, a isa a jona mata allo ta nuna hoto ba ko gezau. 'Yar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 2012 kuma take da farin jini a makarantu saboda ƙarancin shan wutarta, samfuranta na farko haka suke: in sun tashi ba su iske allon HDMI ba sai su karkata hoton zuwa kafar tsohuwar talabijin, har sai an ƙara musu layi ɗaya a cikin fayil ɗin config.txt.

Magani mafi inganci a ganina shi ne a sayi akwatin da yake haddace bayanin EDID, ya riƙa amsa wa kowace kwamfuta a madadin allon ko da ba kanta ake ba. Ya fi tsada, amma yana kuɓutar da kuɗin mai da ranar aikin da ake asara a tafiya wurin mai gyara. Wanda ya riga ya sayi mai araha yana iya sa ɗan mahaɗi mai haddar EDID tsakanin kowace kwamfuta da akwatin. Akwai kuma ɗan filogi wanda bai kai ɗan yatsa ba, ba komai a cikinsa sai wannan 'yar ƙwaƙwalwa, ana toshe shi a kafar hoto kwamfuta ta ɗauka allo ne. Na VGA ma masu gyara sukan haɗa shi da hannu da rizista uku masu om 75, a kan layin ja da kore da shuɗi. Sai dai a kula da sharaɗi guda: in an toshe shi a kafa ta biyu, kwamfuta za ta ƙirga alluna biyu, ta yiwu ta buɗe aiki a kan wanda ba ya nan, saboda haka wajibi ne a umarce ta ta nuna abu ɗaya a duka biyun.

Manyan sabobi na Dell da HP suna zuwa da hanyarsu ta leƙa su daga nesa, iDRAC da iLO, kuma mai ilmi yana iya shiga kowace saba ta hanyar SSH ba da allo ba sam. Amma duk wannan ya rataya ne a kan hanyar sadarwa, ranar da ita kanta ta tsaya kuwa babu makawa sai an koma ga allo.

Kirana ga masu sa hannu a kan takardar karɓar kaya, a ma'aikatar magajin gari ko likita ko makaranta, shi ne kada su sallami wanda ya zo haɗa na'urorin sai ya kashe wutar ɗakin gaba ɗaya a gabansu, ya mayar, an latsa maɓallan ɗaya bayan ɗaya an ga kowace kwamfuta ta nuna hoto. In ɗaya ta yi duhu, a riƙe takardar har ya gyara.