TAKIN ƘARSHEN DAMINA: YAUSHE, KUMA WANE IRI?

Jama'a, ga kaka ta ƙarato, masu kula da ciyawar filin ƙwallo da ta makarantu da gidaje suna ta tambaya ko ya kamata a zuba mata takin zamani yanzu. Amsar ta rataya a kan abu ɗaya, watau ruwa.

Abin da ke sa ganye ya yi kore shar shi ne sinadarin da ake kira naitirojin. A arewacin Amurka akan ba ciyawa shi dab da shigowar sanyi, don irin ciyawarsu ta saba da sanyi, takan tara abinci a saiwa ta ajiye har ƙanƙara ta wuce. Mu kuwa a ƙasar Kano ba ƙanƙara ke tsayar da ciyawa ba, rani ne. Ruwa kan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Kiri-kiri, wadda aka fi shimfiɗawa a filayenmu, mai son zafi ce, in hunturu ya kama sai girmanta ya ragu ƙwarai.

Saboda haka, wanda ba shi da rijiya ko famfo, ya yi zubinsa na ƙarshe a farkon Satumba, tun da sauran ruwa biyu ko uku a gaba. In ya makara, ya ajiye kuɗinsa sai baɗi. Taki a busasshiyar ƙasa ba ya shiga saiwa, sai dai ya ƙone ganye. Mai ban ruwa kuwa yana iya jinkirtawa zuwa ƙarshen Oktoba, amma kada ya kai Disamba. Ciyawar da sanyi ya kwantar ba ta cin taki, ruwan da ake ba ta ne zai wanke shi ya tafi da shi ƙasa.

To, wane iri za a saya? In ka shiga Kasuwar Sabon Gari, ka duba lambobin da ke jikin buhu kafin ka tambayi kuɗi. Yuriya tana da naitirojin kashi 46 cikin 100, watau buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Kamfa mai lamba 15-15-15 kilo 7 da rabi kaɗai ke cikin buhunsa, sauran amfaninsa na wasu sinadarai biyu ne masu ƙarfafa saiwa da jikin shuka. Ke nan sai buhu uku na kamfa ke tsaya wa buhu ɗaya na yuriya wajen kore ganye. Ɗan kasuwa da akawu su yi lissafi da wannan. Filin da aka ba shi kamfa ko takin gargajiya a farkon damina, yuriya ta ishe shi yanzu. Wanda bai sami kome ba bana, ko ciyawarsa sabuwar dasawa ce, kamfa ya fi masa.

Ana yin yuriya a nan Nijeriya, a Eleme kusa da Fatakwal, da kuma masana'antar Dangote ta Lekki da aka buɗe a 2022. Duk da haka mai saye ya gwada. Ka zuba cokali biyu cikin rabin kofin ruwa ka motsa. Ta kirki takan narke sarai, ruwan kuma ya yi sanyi. In ka ga yashi ya kwanta a gindin kofi, an yi mata algus. Buhun da ya dunƙule kamar dutse kuwa ya sha danshi, ba zai watsu daidai ba.

Ga awo. Kilo 1 na yuriya ya isa fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi. Cikakken filin ƙwallo buhu ɗaya da rabi ya ishe shi. A watsa da la'asar, lokacin da ganye ba shi da raɓa, rabi ana tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa. Sa'an nan a bi da ruwa nan da nan. Yuriyar da aka bari a sarari kan zama iska ta tashi, ka biya kuɗi amma ciyawa ba ta samu ba.

Masu lambu da masu alkamar rani a Kura da Kadawa, ku ma wannan doka ta shafe ku. Kada ku zuba yuriya sai ranar ban ruwa, ku kuma raba ta kashi biyu maimakon zubi ɗaya.