Jirgin Sama Maras Inji

Kowa ya san ungulu. In rana ta ɗaga, sai mu gan ta can sama tana kewaya, ko fiffike ba ta kaɗawa. To, me ke riƙe da ita? Mun sami amsa a Katsina, a unguwar GRA, wurin wani saurayi mai haɗa ɗan ƙaramin jirgin sama na wasa.

Jirgin nan ba shi da inji, ba ya shan mai. A kwali ake sayo shi gunduwa-gunduwa, da takardar bayani da zane. Daga ƙasashen waje akan kawo shi, kuɗinsa kuwa ba kaɗan ba ne. Da balsa ake yin sa, wani itace na Kudancin Amurka maras nauyi. In kun taɓa riƙe totuwar da yara ke motar kara da ita, to, kun kusa gane shi.

Da fari sai a shimfiɗa zanen bisa allo, a jera guntayen a kansa, kowane a lambarsa. A liƙe su da gam, a kafe da allurai har su bushe. Sa'an nan a rufe fiffiken da wata irin leda, a bi ta da dutsen guga mai ɗumi, ta ɗame kamar fatar ganga. Tsawon fiffiken nan mita 2 ne, watau wajen kamu huɗu.

A cikin jirgin akwai batir da 'yar na'ura mai karɓar saƙo. Mai jirgin yana ƙasa, riƙe da akwatin rediyo. Ba irin na jin labarai ba ne, wannan 'yan sanduna gare shi. In ya tura sanda, sai jelar jirgin ta motsa, jirgi ya juya dama ko hagu, ya yi sama ko ƙasa.

Amma ga inda aikin yake. Kafin a tashe shi, dole a auna shi. A ɗora fiffiken bisa yatsu biyu, daidai inda takarda ta nuna, galibi kashi ɗaya cikin uku daga gaban fiffiken. In ya tsaya daidai, ko hanci ya ɗan sunkuya, madalla. In jela ta rinjaya, sai a ƙara dalma a hanci. Duk wanda ya taɓa aza wa jaki mangala ya san wannan. Saurayin nan ya gaya mana jirginsa na fari bai auna ba, don ɗoki. Yana jefa shi, sai ya ɗaga kai, ya tsaya cik, ya faɗo ta hanci. Aikin mako uku ya tashi a banza.

Yanzu mu koma ga ungulu. Rana takan gasa ƙasa, musamman fako da rufin kwano. Iskar da ke wurin ta yi zafi, ta tashi sama kamar hayaƙi. Ido ba ya ganinta, sai fa in ta yi guguwa da bazara, ta kwashi ganye da ƙura. Jirgi maras inji kullum sauka yake yi a hankali. Amma in ya shiga iska mai hawa, wadda ta fi shi sauri, sai ta ɗauke shi. Shi ya sa mai jirgin ke duban ungulu da shirwa. Inda suka kewaya, nan zai kai jirginsa.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wani Bajamushe, Otto Lilienthal, ya daɗe yana lura da tsuntsaye dangin shamuwa. A 1891 ya fara tashi da kansa cikin jirgi maras inji. A 1896 ya faɗo ya rasu. Wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, su Wright, suka ɗora kan aikinsa, suka tashi da inji a 1903. A 1925 jiragen farko suka sauka Kano.

Saurayin ba ya tashin jirginsa cikin GRA, domin itatuwa da wayoyin lantarki sun yi yawa. Bayan gari yakan fita, nesa da filin jirgi na Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ya fuskanci iska ya jefa. Ran da buji ya yi ƙarfi kuwa ba ya fita, don jirgin kan ɓace wa ido cikin hazo.