Daga Kan Kibiya Zuwa Bakin Bindiga: Abin da Ya Sauya Maharban Kano

Kibiyar Bahaushe ba ta da girma, amma wanda ya ɗora ta a tafin hannu ya duba da kyau zai ga an zuba tunani a cikinta. Kyauro ne siriri, babu gashin tsuntsu a gindinsa, an dai yi masa 'yar tsaga inda tsarkiya za ta zauna. A gaba kuma baƙin ƙarfe ne mai dogon wuya, an cusa wutsiyarsa cikin kyauron an naɗe da jijiya don kada ya tsage. Tsinin ƙarami ne, a bayansa akwai kunne ɗaya ko biyu masu kallon baya. A wuyan nan ake shafa dafi ya bushe ya yi baƙi ƙirin. Akwai kuma marar kunne, wadda take shiga ta fito sumul. Tsakanin waɗannan biyun maharbi yake zaɓe tun kafin ya bar gida, gwargwadon naman da ya nufa.

Yau a cikin birnin Kano an fi ganin kwari da baka a Gidan Makama, ko a kafaɗar 'yan baka ranar hawan salla, ko a rataye a rumfunan kayan gargajiya na Kasuwar Kurmi. Wanda zai shiga daji da gaske bindiga yake saɓawa. Wannan sauyi ya faru ne a garin da tarihinsa ya fara da ƙarfe da farauta. Tun wajen ƙarni na 7 ake narka tama a gindin Dala, kuma littafin Tarihin Kano ya bayyana Barbushe a matsayin ƙaƙƙarfan mafarauci mai kashe giwa. Ko bayan da bindiga ta shigo har Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, ya ajiye 'yan bindiga a fada, baka bai sauka daga matsayinsa ba. 'Yan baka ne suka karya dawakin Gobir a Tafkin Kwatto a 1804, kuma kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh a Burmi a Yulin 1903, watanni kaɗan bayan Turawa sun ci Kano.

Abin mamaki, muhawarar zaɓen kan kibiya da muka ajiye tana nan da ranta a Amurka, inda miliyoyin mutane suke harbin barewa da baka duk kaka. Can maharba sun rabu biyu a kan kan kibiya. Wasu suna riƙe da kai tsayayye, mai kaifi biyu ko uku a kafe, babu abin da yake motsi a jikinsa. Wasu sun koma ga kai mai buɗewa, wanda wuƙaƙensa suke naɗe a jikinsa lokacin da yake tafiya a iska, sai ya taɓa fata su baje su yanka rami mai faɗin kusan santimita 5. Abin da ya yaɗa wannan na biyun shi ne baka na zamani mai 'yan tayoyi a ƙarshensa biyu, wanda Holless Allen ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1969. Irin wannan baka yana cilla kibiya fiye da mita 90 a daƙiƙa, kuma a wannan gudu kaifin da yake a buɗe yakan kama iska ya karkatar da kibiyar. Mai buɗewa yana tafiya sak, yana zubar da jini mai yawa wanda ake bi a gano naman. Aibinsa shi ne buɗewar tana cin ƙarfin harbin, wuƙaƙen sirara ne, in suka haɗu da ƙashin kafaɗa sukan lanƙwashe, wani lokaci ma su buɗe kafin lokaci. Wani bincike da aka yi a sansanin sojan ruwa na Indian Head a jihar Maryland, daga 1989 zuwa 2012, ya nuna masu kai mai buɗewa sun tsinci kusan kashi 91 cikin 100 na barewar da suka sama, masu tsayayye kuwa kashi 82. Amma Dakta Ed Ashby, wanda ya gwada kibau a kan manyan namun daji a Natal ta Afirka ta Kudu a shekarun 1980, ya tsaya a kan cewa kibiya mai nauyi da kai tsayayye ita ce mai fasa ƙashi. Jihar Idaho ba ta yarda da mai buɗewa ba sai a 2022.

Duk wannan gardama a kan tambaya ɗaya take: wane kai ne zai kayar da dabba da wuri, a inda za a same ta? Maharbin Kano ma ita ya yi wa kansa, sai dai amsarsa ta bi wata hanya dabam. Bakansa na itace ne, ba shi da ƙarfin da zai ratsa gwanki ko ɓauna, kibiyarsa marar gashi ba ta cin dogon zango. Saboda haka bai dogara da faɗin yanka ba, ya dogara da dafi. Aikin ƙarfen shi ne ya huda fata, aikin kunnen shi ne ya riƙe kan a cikin tsoka ko da kyauron ya karye a cikin sarƙaƙiya, sauran aikin kuma na tsiron ƙwanƙwani ne. Ana dafa 'ya'yansa tare da wasu haɗe-haɗe da kowane gida yake ɓoye nasa, kuma abin da yake yi shi ne tsayar da zuciya. Daga wannan dangin tsiro ne Thomas Fraser na Edinbara ya fitar da maganin ciwon zuciya a ƙarni na 19. Marar kunne kuwa ta ƙananan namu ce, zomo da zabo da gada, inda ake son a zare kibiya a mayar cikin kwari. Wato maƙerin Kano da maharbinsa sun raba aiki tsakanin ƙarfe da tsiro, kuma tsarin ya ciyar da gidaje ɗaruruwan shekaru.

To me ya rushe shi? Mutane sukan ce bindiga ta fi baka, shi ke nan. Ni ban gamsu da wannan ba, domin bindigar ta daɗe a ƙasar Hausa ba ta kori baka ba. Abin da ya fara sauyawa shi ne dajin. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta mazauna birnin da kusan 30,000. A ƙidayar 2006 jihar ta haura miliyan 9. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, noman gyaɗa ya biyo baya ya cinye saura da kurmi, har karkarar da ta kewaye birnin ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi nomewa a Afirka ta Yamma. Baka makamin kusa ne. Sai ka san mashayar dabba, ka san inda iska take kaɗawa, ka yi sanɗa ko ka yi kwanto har ta zo tazarar 'yan taku. Wannan yana yiwuwa ne inda nama yake da yawa kuma bai firgita ba. Inda sai an yini ana yawo kafin a hangi barewa ɗaya, kuma ita ma da ta ji motsi ta arce, mutum zai nemi abin da zai same ta daga nesa, ko abin da zai watsa harsashi ya sami zabo uku a tashi ɗaya.

Jirgin ƙasan nan ya taɓa maƙera ta wata fuska. Tarkacen ƙarfen Turawa ya kashe narkar tama, ya kuma kawo bututu. Da sandar sitiyarin mota ko bututun ruwa mai kauri, maƙeri zai haɗa bindigar toka, a ɗura mata albarushi da 'yan ƙwallayen ƙarfe. Kuɗin bindiga ɗaya ya ninka na kwari cike da kibau, kuma mai ita zai riƙa dawowa gyara. Philip Jaggar, wanda ya zauna da maƙeran birnin Kano a farkon shekarun 1970 ya kuma wallafa littafi a kansu a 1994, ya tarar da sana'ar tana raye, tana bin abin da kasuwa take so. Kasuwa kuwa ta fi son fartanya da lauje da wuƙa da kayan gini. Fitar da kunnen kibiya aiki ne na haƙuri: a zuga wuta, a kama ɗan ƙarfen da awartaki, a buga shi ya yi tsini, sannan a sare gefensa da kurfi a ɗaga kunnen kafin ya huce. Yaron da bai ga ana yi ba ba zai iya ba, kuma ba a yi sai an sa.

Akwai dalili na uku da ba a cika ambata ba, alhali a gari irin Kano yana da nauyi: hukuncin cin naman. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan cikin gari, naman da aka harba yana halatta ne idan an yi bisimilla kuma makamin ya ji masa rauni da kaifinsa. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bambanta abin da tsini ya huda da abin da aka buge da faɗin makami ya mutu. Muhtasar na Halil ya kawo mas'alar makami mai guba cikin wuraren da ba a tabbatar da abin da ya yi kisan ba, don haka ba a ci. Risala kuma ta yi maganar naman da ya ɓace wa maharbi har ya kwana. Ke nan maharbi mai dafi dole ya bi sawu da sauri ya tarar da dabbar da sauran rai ya yanka, sannan ya yanke naman da ya kewaye raunin ya yar. Bindiga ta sauƙaƙa wannan, tunda malaman Fas sun daɗe da ba da fatawar halaccin abin da harsashi ya kashe. Ina ganin yayin da karatu ya ƙara yaɗuwa, kuma aka riƙa kallon sirrin haɗa dafi da tsafe-tsafen da suke tare da shi da wani ido, 'ya'yan maharba da yawa sun zaɓi makamin da ba za a yi musu tambaya a kansa ba.

Sakamakon bai tsaya a kan ɓacewar wata sana'ar hannu ba. Baka yana da iyaka a jikinsa: harbi ɗaya, daga kusa, da rana. Wannan iyaka ita ce ta bar wa daji abin da zai hayayyafa. Bindiga da fitilar goshi sun cire ta. Dabba takan tsaya cak idan haske ya dalle mata ido, kuma mai harbin dare ba ya tantance mace mai ciki da namiji. Harsashin da yake watsuwa yana raunata fiye da abin da yake kayarwa, dabbar ta je ta mutu a inda ba mai amfana. Ga fashewar bututu da ta raba mutane da yatsu da idanu. Dokar namun daji ta Arewa ta 1963 da dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985 suna nan a rubuce, dokar makamai ta 1959 ma ta ce bindigar toka sai da lasisin kwamishinan 'yan sanda, amma dajin Falgore, mafi girman abin da ya rage wa Kano, ya fi yin suna da ɓarayin shanu har sojoji suka mai da shi filin atisaye a 2017.

Da nama ya ƙare a gida, sai tafiya ta yi nisa. Mafarautan Kano suna cika mota da karnuka da bindigogi su nufi Kudu. A ƙarshen Maris 2025 aka tare wasu a Uromi ta jihar Edo suna dawowa daga Fatakwal don yin salla, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka kashe mutum 16, yawancinsu daga yankin Bunkure. Kisan gilla ne da babu abin da zai wanke shi. Amma yana nuna inda wannan hanya ta kai mu: mutumin da kakansa yake samun gada a bayan gari, shi sai ya ratsa jihohi da makamin da baƙo ba ya bambanta shi da na mai garkuwa da mutane. A ɗaya gefen kuma, sanin daji ya sami sabuwar kasuwa. Tun da maharban Adamawa suka taimaka wajen ƙwato Mubi a 2014, hukuma ta fi kallon maharbi a matsayin ɗan sintiri. Aikin yana da amfani, an kuma yi asarar rayuka a cikinsa, sai dai ba ya buƙatar kibiya ko kaɗan.

Idan wani matashi a Kano ya ga bidiyon maharban Amurka ya yi sha'awar kai mai buɗewa, shawarata ita ce ya bar shi. An ƙera shi ne don baka mai ƙarfin gaske, a kan bakan itace kuwa ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Da dala ake sayensa, sau da yawa harbi ɗaya yake yi a canza masa wuƙaƙe, kuma babu maƙerin da zai gyara shi. Kai tsayayye mai kaifi biyu, marar kunne, marar dafi, shi ne ya dace da mu. Maƙerin Kano zai fitar da shi daga sifirin ɗin mota, a wasa shi a dutse, yana kisa da yanka kamar yadda fiƙihu yake so, kuma in ya sami dabba a wurin da ba makasa ba yakan zare raunin ya warke. Abin da zai buƙata shi ne baka mai ƙarfi fiye da na da, da gashi a gindin kibiya.

Sai dai Amurkawa sun sami sararin wannan gardama ne don suna da abin harbi. A wajen 1900 barewarsu mai farar wutsiya ta ragu zuwa kusan 500,000, yau ana maganar miliyan 30. Sun kai nan ne da ƙayyade lokacin farauta, da adadin da mutum zai kashe, da dokar 1937 da ta ɗora haraji a kan bindiga da harsashi ake zuba kuɗin a kula da daji, daga baya aka haɗa har da baka da kibiya. Mu ma muna da masu riƙe da wannan aiki in an so: Sarkin Baka da ƙungiyoyin maharba sun san kowa da kowa, kuma al'adar ajiye farauta da damina ba baƙuwa ba ce. A Mayun 2025 gwamnatin tarayya ta amince da ɗaukar dakarun tsaron daji. Maganar da ake yi a kansu ta yaƙi da 'yan bindiga ce, kuma ya kamata a ƙara musu da ƙidayar dabbobin da suka rage a Falgore, da ikon hana harbin dare a cikinsa.