Daga kaset zuwa faifan CD: yadda ake tsare jerin waƙoƙi a ƙasar Adar

Tun daga rumfunan kasuwar Tawa har zuwa ƙauyukan Bambeye, babu ƙorafin da masu ɗaukar waƙa suka sha ji kamar wannan: mutum ya zaɓi waƙoƙinsa, ya faɗi wadda za ta buɗe da wadda za ta rufe, ya biya kuɗinsa, amma da ya isa gida ya kunna, sai ya taras an yi masu hautsini, ta goma ta riga ta biyu. Mai saye ya zargi mai rumfa, mai rumfa ya zargi na'ura. Alhali kuwa abin yana da dalili, kuma yana da magani.

Zamanin kaset

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a shekarar 1963. Bayan ƴan shekaru sai ga shi ya zama abokin tafiyar mutanen Adar. Kowa ya san ƙasar nan ƙasar ƴan ci-rani ce: samarin Bambeye, gundumar da ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 100 a cikinta, sun daɗe suna bin hanyar Abijan da Libiya da Nijeriya. Wanda ya dawo da rakoda mai cin batir ya dawo da abin nunawa, wanda kuma bai samu dawowa ba yakan ɗauki muryarsa a kaset ya aiko wa iyaye, domin ba kowa ne ke karanta wasiƙa ba. Ko a wannan saƙon akwai tsari, gaisuwar mahaifi ita ce farko, sannan ta mahaifiya, sannan sauran dangi bisa ga shekarunsu.

Kasusuwan waƙa kuwa ta Ƙonni suke shigowa daga Sakkwato da Kano: Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗan Anace, Ɗan Maraya Jos, ga kuma na gida, irin su Ɗan Gurmu na Tawa, wanda aka sa wa gasar kiɗan zamani ta ƙasa sunansa, da makaɗan kokowa da suka samu fili tun da aka buɗe gasar takobi a Tawa a 1975. Mai rumfa yana da rakoda mai baki biyu. Idan aka ce a haɗa waƙoƙin mawaƙa dabam-dabam a kaset guda, sai ya zauna ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yatsansa a kan maɓallin dakatarwa. Kaset na minti 60 yana da minti 30 a kowane gefe, na minti 90 yana da 45. Saboda haka gwani sai ya yi lissafi tukuna, kada doguwar waƙar Shata ta tsinke a tsakiya saboda zare ya ƙare. Aikin yana cin lokaci, amma jeri ba ya ɓacewa, tun da zare ne guda: abin da aka fara ɗauka shi za a fara ji.

Faifai iri biyu ne

Faifan CD, wanda Philips da Sony suka sa a kasuwa a 1982, bai zama abin da ake ɗauka a rumfa ba sai da kwamfuta mai rubuta faifai ta yi araha. A biranen Nijar wannan ya zo ne a shekarun 2000, tare da na'urorin kallon finafinan Kano, waɗanda yawancinsu ke karanta waƙoƙi ma. Nasara suna kiran aikin ƙonawa ko sassaƙawa, domin wani siririn haske mai zafi ne ke barin tabo a kan rinin da aka shafa a cikin faifan. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, tabon nan ba ya gogewa. Faifan CD-R sau ɗaya ake rubuta kowane gurbi nasa, in an yi kuskure sai a sayi wani. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Faifan da ba a rubuta ba kamarsa ɗaya, amma hanyar rubuta shi biyu ce, kuma da yawa daga masu saye ba su san da wannan bambanci ba.

Hanya ta farko ita ce faifan sauti zalla, irin wanda kamfanonin waƙa ke sayarwa. Yana ɗaukar minti 74 ko 80, kuma ba ya wuce waƙa 99. A farkonsa, wato can kusa da ramin tsakiya inda na'ura ke soma karatu, ana rubuta jadawalin da ke faɗin inda kowace waƙa ta fara. Duk yadda mai rumfa ya jera waƙoƙin a fuskar kwamfuta kafin ya danna, haka za su zauna, kuma kowace na'ura haka za ta bi su. Wannan faifai ɗan'uwan kaset ne wajen riƙon amana. Aibinsa kawai shi ne ƙarancin wuri: waƙoƙin fada huɗu ko biyar sun isa su cika shi.

Hanya ta biyu ita ce faifan MP3. Wannan dabara ta matse sauti, wadda masanan cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka yi jagorancin ƙirƙiro ta, aka kuma tabbatar da ƙa'idarta a 1993, tana sa minti ɗaya na waƙa ya ci kimanin megabait ɗaya. Faifai mai megabait 700 ke nan zai ɗauki sauti na awa goma sha ɗaya ko fiye. Direban da zai tashi daga Tawa zuwa Agadas ko Yamai ba ya buƙatar ya canja faifai a hanya. Shi ya sa kowa ya raja'a a kansa. Sai dai a wannan faifai waƙoƙin ba a jere suke kamar raƙuman ayari ba, suna nan ne kamar takardu a cikin kabad ɗin ofis, kowace da sunanta. Ƙa'idar ajiye su, wadda ake kira ISO 9660 tun 1988, ta tanadi a jera sunayen bisa tsarin haruffa. Ko da mai rumfa ya ja waƙoƙin ya shirya su yadda aka ce masa, a ƙarshe suna ne ke yanke hukunci. Waƙar da sunanta ya fara da A za ta sha gaban wadda ya fara da S, ko da kuwa mai biki ya so akasin haka.

Sifilin da ke raba gardama

Magani na farko da kowa ke tunawa shi ne a sa lamba a gaban kowane suna: 1, 2, 3, har zuwa ƙarshe. Nan ma akwai tarko. Ƙananan na'urori ba su san goma ta fi biyu ba, harafi-harafi suke duba suna, kamar mai neman kalma a ƙamus. Saboda haka duk lambar da ta fara da 1 za ta wuce kafin a zo kan 2.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a karatun Alƙur'ani mai girma, wanda yana cikin abin da aka fi nema a rumfunan Tawa, musamman gab da azumi. Surori 114 ne, sun zarce iyakar faifan sauti, ga kuma tsawon karatun, don haka MP3 ake yi. Idan aka lambata su 1 zuwa 114 kawai, na'ura za ta buɗe da Fatiha, ta tsallaka zuwa sura ta 10, Yunus, daga nan ta faɗa ta 100, Adiyati, da ta 101, Ƙari'a. Baƙara, wadda ita ce ta biyu, sai ta zo a matsayi na 27, bayan Maryam. Ga wanda ya haddace, wannan abin takaici ne. Ga tsohuwar da ke bin karatun da kunne domin tilawa, ko yaron da ke koyo, abin ya wuce takaici. Haka yake ga tafsirin da aka ɗauka dare talatin, da Ishiriniya wadda aka tsara baitocinta bisa haruffan Larabci, da Imfirajin Aliyu Namangi mai waƙa ta ɗaya da ta biyu da ta uku.

Maganin kuwa ɗan ƙarami ne, sifili. Idan waƙoƙin ba su kai ɗari ba, a rubuta 01, 02, 03, har 99. Idan sun kai ɗari, a rubuta 001, 002, har 114. Da zarar duk lambobin sun zama tsawo ɗaya, jerin haruffa da jerin lissafi sun zama abu guda, kuma na'ura ba ta da inda za ta kauce.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da gogaggun masu rumfa suka koya da asarar faifai. Suna ya zama gajere, domin tsofaffin na'urori haruffa takwas kawai suke gani, kuma lamba ta zo a farko don kada a datse ta. A guji ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a sunan waƙa, saboda da yawa daga rediyoyin mota ba su san su ba, sai su nuna wasu alamomi marasa ma'ana. A tuna cewa a cikin kowace waƙar MP3 akwai ɓoyayyen tambari, ana ce masa ID3, mai ɗauke da sunan mawaƙi da lambar waƙa. Wasu na'urorin shi suke bi, don haka lambar ciki ta dace da ta waje. Idan doguwar waƙa ce aka raba gida biyu ko uku a faifan sauti, a zaɓi rubuta faifan gaba ɗaya a zama guda, in ba haka ba kwamfuta takan saka shiru na daƙiƙa biyu tsakani, ta katse amshi a bakin ƴan amshi. Daga ƙarshe, kafin a zagi mai rumfa, a duba ko wani yaro ne ya taɓa maɓallin da ke sa na'ura ta riƙa zaɓo waƙa barkatai.

Me ya sa jeri ke da muhimmanci

Wani zai ce waƙa waƙa ce, duk wadda ta fara ai ji za a yi. Mutumin Adar bai yarda da haka ba. Makaɗin fada ba ya wasa hakimi kafin sarki. A gidan biki kiɗan tarbar baƙi dabam, na rawar ƴan mata dabam, na rakiyar amarya dabam. A taron hukuma, ma'aikacin da aka ɗora wa kula da amsa-kuwa ya san abin da zai same shi idan lokacin taken ƙasa ya yi, sai kalangu ya ɓarke a gaban manyan baƙi. Gidajen rediyon karkara, da suka fara yaɗuwa a Nijar daga 1999, su ma da jeri suke aiki, sanarwa a gurbinta, waƙa a gurbinta. Ga ɗan kasuwa kuwa maganar ta kuɗi ce: faifan da aka maido asara ne, mai sayen da ya ji kunya a gaban surukansa kuma ba ya komawa rumfar da ta jawo masa.

Faifai ya tafi, matsala ta zauna

A yau faifan CD ya ja baya ƙwarai. Katin ajiya na salula da ɗan makullin USB sun karɓe kasuwa, kuma a kasuwannin ƙauye mai cajin waya da hasken rana sau da yawa shi ne mai tura waƙa. Sai dai tsohuwar cutar ta biyo sabon kaya da wata fuska. Ƙananan rediyoyi masu cin kati da na mota da yawa ba sa duba suna ko lamba, suna bin waƙoƙi ne bisa yadda aka shigar da su a katin. Wanda ya kwashe waƙa ɗari ya zuba a lokaci guda, kwamfuta ce za ta zaɓa masa wadda za ta fara shiga. Idan kuma aka goge wata daga tsakiya, sabuwar da aka tura takan faɗa gurbin da aka bari. Dabarar ita ce a share katin tas, a tura waƙoƙin bi da bi yadda ake son jin su. Wato dai an koma ga haƙurin mai kaset.

Akwai kuma asarar da ta fi ta kuɗi. Waƙar da ke yawo daga waya zuwa waya takan rasa lambarta, ta rasa sunanta, har ta rasa sunan mai ita. Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan Azawak a arewacin jahar Tawa, ya ɗauki kundinsa Anar a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bazu cikin wayoyi har ƙasar Mali. Can Ba'amurken nan Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya tsinci ɗaya daga ciki, ya yi ta cigiyar mai ita kafin ya sa ta a faifan da ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones. Shi Mdou Moctar ya dace, duniya ta san shi. Makaɗan gargajiya na Adar da suka riga mu gidan gaskiya ba su da mai yi masu wannan cigiya, kuma hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, wadda aka kafa a 1995, ba za ta iya bin haƙƙin waƙar da ba ta da suna ba.

Saboda haka duk wanda ke da tsofaffin kasusuwa a akwati, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, idan zai mayar da su cikin kwamfuta, ya kwafe abin da ke rubuce a jikin kwalin: sunan makaɗi, sunan waƙa, gefen farko ko na biyu, da lambar kowace, da sifilinta a gaba. Ya ajiye kwafi biyu, nesa da rana, domin zafin bazarar Adar ba ya barin rinin faifai lafiya. Mai biki kuma ya saurari abin da aka ɗaukar masa tun da sauran kwanaki, a kan na'urar da za a kunna ranar taron. Ba a fafe gora ranar tafiya.