Lissafin Kuɗin Sarrafawa da Zaɓen Mazaunin Masana'anta: Nazari daga Gaya da Ajingi

Ruwayar baka ta nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dala, daga Gaya suka taso suna neman tama. Wato kusancin albarkatu ne ya zaɓa musu mazauni. A 1909 masanin tattalin arziki ɗan Jamus, Alfred Weber, ya tsara wannan tunani a matsayin ra'i: duk kayan da nauyinsu ke raguwa wajen sarrafawa, ya fi sauƙi a kafa masana'antarsu kusa da inda ake samun su.

Bisa wannan ma'auni, Gaya da Ajingi sun cancanci injinan matsar gyaɗa, domin ana noma ta, fili na da araha, ladan lebura ma haka. Amma manyan masana'antun Kano suna Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Dalili kuwa shi ne, araha ɗaya ba ta rufe tsada uku: wutar lantarki, da sufuri, da tabbacin samun kaya duk shekara. Mai injin da ya dogara da janareta, abin da ya rage a albashi man dizal ne zai cinye shi.

Kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya isa misali. An buɗe shi a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a kullum, a tsakiyar gonakin rani, kamar yadda ra'in Weber ya tanada, tunda galibin nauyin tumatir ruwa ne. Duk da haka ya sha tsayawa. A shekarar da aka buɗe shi tsutsar tumatir ta lalata gonaki, kuma duk lokacin da farashi ya tashi a kasuwa, manomi can yake kai kwandonsa, ba za a ga laifinsa ba. Shi kuwa markaɗaɗɗen tumatir na lardin Shinjiyan a ƙasar Sin, inda gonaki ke da faɗi kuma amfanin kowace kadada ya ninka namu, yana isowa Legas cikin ganguna da arahar da ta sa gwamnatin tarayya ta ɗaga harajinsa zuwa kashi 50 cikin 100 a 2017.

Saboda haka mai zuba jarin da ke auna Gaya da wata ƙasa, tambayarsa ta farko ita ce kwana nawa injinsa zai yi yana aiki a shekara, kuma nawa buhu zai ci kafin ya isa tashar jiragen ruwa.