Mai Ciwon Ƙugu, Awa Nawa Ka Kwana Jiya?

Hausawa na cewa dare mahutar bawa. A ƙauyukan da ke kewaye da 'Yandoto da Tsafe, da waɗanda ke bayan Bungudu, an yi shekaru dare bai zama mahutar kowa ba. Magidanci ya kwanta da takalminsa a ƙafa, ƙarar babur daga nesa ta sa shi zumbur. Ana lissafa rayuka da shanu da gonakin da rashin tsaro ya ci, amma ban taɓa jin an lissafa barcin jama'a ba. Wanda kuwa wannan asara ta fi yi wa illa shi ne mai tsohon ciwo, irin wanda ya haura wata 3 bai tafi ba: ciwon baya da ƙugu, sanyin ƙashi, ciwon kai na ɓari guda, zugin ƙafar mai ciwon suga, da ciwon masu sikila.

Ina da wani kawu manomi da ƙugunsa ya shekara biyu yana damunsa. Ranar da na je gaishe shi, ya zaro wata 'yar leda daga aljihun gaba, ƙwayoyi ne ja da fari da rawaya, babu kwali babu suna, irin wanda ake kira haɗi. Ya watsa su baki, ya kora da ruwan randa, ya ɓare goro ya bi da shi. Na ce, "Kawu, awa nawa kake kwana?" Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Yaro, wa ka kwana yanzu?" Dare uku a mako yana cikin masu gadin gari, sauran dararen kuma ƙugun ne ke gadinsa.

Kawu yana ganin ciwo ne ke hana shi barci, kuma gaskiyarsa. Abin da bai sani ba shi ne rashin barcin ma yana hura wutar ciwon. Tun a 1975 wani likita a Toronto ta ƙasar Kanada, Harvey Moldofsky, ya nuna cewa idan aka riƙa katse wa lafiyayyen mutum barcinsa mai nauyi da ƙara, yakan wayi gari jiki duk tsami kamar wanda aka yi wa duka. A 2019 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka suka gwada matasa 25 masu lafiya, suna ɗora musu abu mai ɗumi a ƙafa suna ƙara zafinsa a hankali. Bayan sun kwana ido biyu, ɗumin da jiya suka jure sai ya zame musu raɗaɗi. Hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna sashen da ke jin ciwo ya ƙara kaifi, sassan da ke rage shi kuma sun yi sanyi. Wato jiki na da nasa maganin raɗaɗi, kuma rashin barci na rage masa ƙarfi. Ga shi a cikin barci mai nauyi ne jiki ke gyara tsokar da huɗa da faskare da daka suka gajiyar. Baligi na bukatar awa 7 ko fiye.

Nan ne mutanenmu ke faɗawa rami na biyu. Mutum ya kasa barci, sai ya nufi kemis ya ce a ba shi mai ƙarfi. Tramol na kashe ciwo na 'yan awanni, amma yana ɓata barci, kuma wanda ya daɗe yana sha jikinsa kan saba, har ya nemi ƙari. Idan aka haɗa shi da ƙwayar sa barci irin baliyam, numfashi na iya yin ƙasa mutum yana kwance, wani ba ya farkawa. Diklofenak da ibufurofen kuwa, idan aka mayar da su abin sha kullum, suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda. Mai tallar magani a kasuwa ba zai faɗa maka wannan ba, shi cinikinsa yake yi.

Sai goro da shayi. Sinadarin da ke cikinsu mai wartsake ido yakan kai kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Wanda ya ci goro bayan isha'i, har tsakar dare goron na aiki. Ba na cewa dattijo ya rabu da goronsa, wannan rigima ce da ba zan ci ba, amma ya tsaya daga la'asar. Matasa su ma su san cewa teburin mai shayi da latsa waya har ƙarfe ɗaya na dare suna da hannu a ciwon kan da suke kuka da shi.

Na san akwai wanda zai ce, malam, ka kawo mana tsaro tukuna. Ba ni da ja. Amma ko a wannan hali akwai abin da gari zai iya. Masu tsara gadi su raba dare, kada mutum ɗaya ya kwana tsaye dare biyu a jere, kuma a ɗauke wa mai tsohon ciwo. Wanda ya yi gadi ya rama da ƙailula, kada a kira shi rago. A cikin gida kuma, uwar da ke fama da baya ita ce ƙarshen kwanciya, ita ce farkon tashi. 'Ya'ya da abokan zama su karɓe ta aikin asuba ko sau biyu ne a mako. Mai ciwon ƙugu ya kwanta ta gefe, ya sa matashi tsakanin gwiwoyinsa. A ɗaura gidan sauro. Mai sikila a lulluɓe shi sosai da hunturu, don sanyi na tayar masa da ciwo.

Kawu dai an cire shi daga gadi, goron dare ma ya bari bayan doguwar gardama. Ƙugun bai warke ba, amma ledar haɗi ta bar aljihunsa.

Barci taimako ne, ba ya maye gurbin likita. Idan ciwon baya ya zo da rama, ko zazzaɓi da gumin dare, ko ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari na zuba ba a sani ba, kada a tsaya jiran komai, don tarin fuka kan kama ƙashin baya. Haka mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke yankewa cikin barci. A je Babban Asibitin Tsafe, ko Asibitin Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Idan ka zauna gaban likita, bayan ka nuna masa inda ke ciwo, ka faɗa masa awa nawa kake kwana, da sunan duk ƙwayar da kake sha.