HIKIMAR ALLAH A CIKIN NONON UWA

Jama'a masu karatu, mun sani cewa a Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci shekara biyu cikakku ga uwar da ke son cika shayarwa. Shari'a kuma ta ɗaukaka nono har ta sa shansa ya haramta aure kamar yadda nasaba ke haramtawa. To, ga wani sirri da masana suka gano a cikin wannan abinci mai albarka.

A shekarar 1995, a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, Farfesa Catharina Svanborg da ɗalibinta Anders Hakansson suna binciken yadda nonon uwa ke hana ƙwayoyin cuta liƙe wa jiki. Da suka zuba wani sashe na nonon a kan ƙwayoyin sankarar huhu, watau ciwon daji, sai suka ga ƙwayoyin nan suna mutuwa. Daga baya aka sa wa abin da ke kashe su suna HAMLET.

Ga yadda al'amarin yake. Akwai wani furotin mai yawa a nonon ɗan Adam, ana kiransa alfa-laktalbumin, wanda aikinsa na asali shi ne taimakawa wajen yin sukarin nono. Idan ya rabu da sinadarin kalsiyam da ke ɗaure shi, sai ya ɗan warware, ya kama wani maiƙo mai suna olik. Wannan haɗi shi ke kutsawa cikin ƙwayar sankara, ya lalata ma'ajin ƙarfinta, ya shiga cibiyarta ya dagula tsarinta, har ta halaka. Lafiyayyun ƙwayoyi da suka gama girma kuwa, akasari sukan tsira. Masanan suna zaton tsamin cikin jariri yana iya taimakawa wajen yin wannan haɗi.

An kuma gwada shi a kan mutane. A 2007 aka ba da labarin majiyyata tara masu sankarar mafitsara, waɗanda aka ɗura musu maganin a mafitsara, aka ga matattun ƙwayoyin sankara suna fita cikin fitsarinsu. A 2021 aka bayyana sakamako makamancin wannan daga majiyyata 40 a birnin Furag, da wani magani da aka ƙera bisa tsarin furotin ɗin.

Amma lalle mu yi hattara. Wannan magani ne da ake haɗawa a ɗakin gwaji, shan nono ba ya warkar da sankara. Duk wanda ya ce zai sayar mana da shi ta wannan hanya, mayaudari ne. Mai ƙari a jiki ya garzaya asibiti da wuri, domin neman magani Sunna ce.

Abin da ke hannunmu shi ne shayarwa. Wani babban bincike na 2002 ya nuna kowane wata 12 na shayarwa yana rage wa uwa haɗarin sankarar mama da wajen kashi 4 cikin 100. Saboda haka muna kira ga ma'aikata da 'yan kasuwa, kada a ɗauki madarar gwangwani alamar wayewa ko ta wadata. Wancan aya ɗin dai ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Maigida ya sauke wannan nauyi, shugabannin ofis su ba mata ma'aikata sararin shayar da 'ya'yansu.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.